Rumfar Bugu Ranar Laraba

Ni tela ne, kuma mai saurin fushi. Duk wanda ya san ni a unguwar Briketeri da waɗannan biyun ya san ni, don haka gara in faɗa da bakina tun da wuri. Na zo Yawunde daga Kano da kan keken ɗinki a naɗe cikin bargo, zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da kowane shago sai ka ga hotonsa a rataye sama da ƙofa. Na kama ɗan shago a gangaren unguwa, inda jar laka ke shigowa har ƙarƙashin keke in an yi ruwa, kuma ruwan Yawunde ba ya neman dalili. A nan na yi aure. Matata Bafillatanar Ngaundare ce, mai kitso. Da Hausa take hira da ni, da Faransanci take ƙirga, in kuwa na ɓata mata rai sai ta koma Fillanci don kada in sami bakin ramawa.

Kayan aikinta ba su da yawa: kujera 'yar tsugunno, kibiyar kitso, mashaci, da gwangwanin mai. Da safe za ta ɗora su a ka ta fita, ta shiga wannan gida ta fita wancan, har daga unguwar Nkomkana ana aiko mata. Ni kuma ina tsokanarta cewa ita ce rediyon unguwa, tunda ba kan da za ta taɓa ba ta ji abin da ke cikinsa ba. Takan ce ai gara ita, ni wuyan riga kaɗai nake sani.

Akwai wani mutum a unguwar Messa da nake yi wa ɗinki, babban ma'aikaci, mai mota. Wata rana ya ce mini matarsa na neman mai kitso ta gari. Ni da bakina na ce ai ga tawa, ni na sa rana, ni na kwatanta mata gidan. Da ta je, ashe matar ta yi tafiya tun kwana uku, shi kuwa ya sani sarai. Ya ci zarafinta. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan yini, domin sauran nata ne.

Ba gida ta fara dawowa ba. Wajen wata tsohuwa ta tafi, ungozomar unguwarmu, ita ta kula da ita, ita ta rako ta da la'asar, ita ce kuma ta zaunar da ni ta faɗa mini. Na ce sai kominsariya, wato ofishin 'yan sanda. Matata ta ce in na kai maganar nan waje, gobe duk kan da ta taɓa kitsawa zai san da ita, kuma ba za ta iya ba. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, baƙo ne mai takardun zama a aljihu, shi kuwa mutumin ɗan ƙasa ne mai ofis, sai na sha jinin jikina. Abin da na yi a madadin haka shi ne na sa babban almakashina a aljihu na riƙa zagaya Messa bayan azahar. Mako uku ina wannan hauka kafin in ji cewa aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari. Ban sake ganinsa ba, ba a kuma taɓa yi masa hukunci ba har yau.

Da na rasa wanda zan huce a kansa, sai na juyo gida da abin da a lokacin nake kira tausayi. Na ɗauke kujerarta da kibiya da mashaci na cusa a saman kabad ɗin shago. Na hana ta kasuwar Mokolo, ni nake zuwa cefane, ina sayo kuɓewar da ta tsufa ana yi mini dariya. Matan da suka zo neman kitso nakan tare su a ƙofa in ce ba ta da lafiya. To mutanenmu kuwa in an ce musu ciwo ba sa zama, sai dubiya ta ɓarke: wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo saiwa, wani malami ya aiko da rubutu. Ita kuma dole ta kwanta ta ja zane ta amsa sannu, don kada ta ƙaryata mijinta. Na daina tsokanarta. Na daina yi mata faɗa ko miya ta yi gishiri. In ina mata magana, bango nake kallo. A raina kuwa gani nake ba mijin da ya kai ni kirki a duk faɗin Briketeri.

Wata bakwai muna haka. Ana saura makonni kaɗan Babbar Salla, na dawo cin abincin rana na tarar ta sauke akwatinta na ƙarfe tana jera zannuwa. Ta ce bayan Salla za ta tafi Ngaundare wajen innarta, tunda yanzu jirgin ƙasa na kaiwa har can. Na tambaye ta kwana nawa. Ta ci gaba da ninke zane. Na san irin wannan tafiya, na ga matan da suka yi ta. Amma ko a lokacin abin da na iya cewa shi ne Allah ya kai mu.

A unguwarmu kowace masifa tana da gaisuwarta. In mutuwa ce a zo ta'aziyya, in gobara ce ko sata a zo jaje, in ka tsira daga haɗari a zo barka. Wannan kuwa ba ta da gaisuwa, ba wanda zai shimfiɗa maka tabarma a kanta. Na sha zama bayan sallar la'asar kusa da liman da niyyar in yi magana, sai in ƙare da tambayar hukuncin ɗinkin da ya wuce idon sawu. Abokaina na shago kuma ba abin da ba sa yi wa dariya. Na kai ga in na ga mutum yana tafiya a hanya sai in ce a raina, ko wannan ma yana da irin nawa a gida? Sai dai ba ta inda zan tambaya.

Mijin ungozomar nan mai bugu ne. Rumfarsa tana can ƙasan gangare, ta langa-langa, da dogon gungume a kwance a tsakiya. Wajensa duk telolin unguwa ke kai manyan riguna in an gama aiki an sa sitati, a yayyafa musu ruwa, a ninke, a ɗora kan gungumen a yi ta dukansu da gudumar icce har su yi sheƙi. Bazazzagi ne, ni Bakano, saboda haka tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa ba tare da ya ce ga bawansa ya zo ba, ni kuma in ce masa tsufa bai hana shi ƙarya ba. A watannin nan ko wannan na daina, in ajiye kaya in juya.

Wata Talata na kai masa riguna uku na Salla. Ya ɗaga su ya duba, ya mayar mini. Ya ce kafaɗarsa na ciwo, masu taya shi kuma aiki ya yi musu yawa, in ina son rigunana su yi sheƙi in zo gobe Laraba bayan azahar in buga abina da hannuna. Raina ya ɓaci. Na ce masa ni tela ne, ban zo Yawunde don in koyi bugu a hannun Bazazzagi ba. Ko a jikinsa. Ya ce to in kai su Kano a buga mini.

Na zo, don ba yadda zan yi. Na tarar ma'aikatansa duk ya sallame su, sai mutum biyu zaune a bakin gungume waɗanda na san ba sana'arsu ba ce. Ɗaya mai tsire ne na bakin titi, ƙato, wanda hayaƙi ya rina wa idanu. Ɗayan akawu ne a wani ofis, mazaunin unguwar Ekudu, ya tuɓe kwat ya rataye a ƙusa ya naɗe hannun farar taguwa. Tsohon ya zaunar da ni daura da akawun, ya ninke rigata ɗaya ya shimfiɗa tsakaninmu, ya miƙa mini guduma.

Bugu ba ƙarfi ba ne kawai, ko da yake ni a ranar haka na ɗauka. Mutum biyu ke zama fuska da fuska, gudumar wannan na sauka ta wancan na tashi, dole ka saurari hannun ɗan'uwanka in ba haka ba ku haɗu a sama. Idonka kuma ba ya barin rigar. Ƙarar kuwa tana cika rumfar ta fita har titi, ta yadda mai wucewa ba abin da zai ji sai kaf-kaf-kaf. Amma wanda ke zaune a bakin gungumen, in kunnensa ya saba, yana jin maganar na kusa da shi a tsakanin saukar gudumomi.

A haka na ji mai tsiren ya fara magana, kansa a sunkuye. Ya ce a makon nan ya ji ƙanwarsa tana dariya da maƙwabciya a ƙofar gida, sai ya daka mata tsawa ta shiga ciki, bai san dalili ba, daga baya kunya ta hana shi cin abinci.  Aka juya riga. Can sai akawun ya ce shi kuma ranar Asabar matarsa ta tafi Mokolo ita kaɗai, bai bi ta a baya ba kamar yadda ya saba, ya zauna a gida yana gyara rediyon da lafiyarsa ƙalau har ta dawo. Tsohon ya ce madalla. Sai a sannan na gane inda aka kawo ni, wajen mazan da irin nawa ya faɗa wa gidajensu, na kuma gane an san sirrin gidana.

Idona ya rufe. Na riƙa sauke gudumar nan da dukkan ƙarfina, ba na jin hannun kowa. Akawun yana cewa, "Dusuma, tela, dusuma," wato a hankali, ni kuwa ina ƙara wuta. Ban tsaya ba sai da shaddar ta fashe a kan ninki, tsaga mai tsawon taki, a gaban rigar da na yi kwana goma ina wa aiki. Na jefar da guduma na tambayi tsohon wa ya ba shi izinin tallata ni.

Ya ɗauki rigar yana duba tsagar, kamar ita ce ta fi damunsa. Ya ce tsohuwarsa ba ta taɓa faɗa masa abin da ta gani a gidan kowa ba, shekara arba'in suna tare. Iyakarta takan ce masa wane yana bukatar guduma, shi kuma ba ya tambaya. Waɗannan biyun ma haka suka zo. Sannan ya ba ni nasa labarin a gajarce. 'Yarsa ce, shekaru masu yawa da suka wuce. A makon da abin ya faru ya sa ta a mota zuwa Garwa wajen gwaggonta don ta huta, bai tambaye ta ko tana so ba. Ita kuwa ta ɗauka korarta ya yi don ta zame masa abin kunya. Ta yi aure a can, ta hayayyafa, tana aiko wa uwarta gaisuwa, shi ko sau ɗaya.

Ya ce a rumfar nan ƙa'ida biyu ce. Ba a faɗin abin da aka yi wa mace, ba a kuma kiran sunanta, kowa abin da shi ya yi a makon yake faɗa. Ta biyun ita ce ta tsaya mini a wuya.

"Yau ni na kira ka, tela, laifin a kaina yake," in ji shi. "Amma Laraba mai zuwa kada ka tako nan sai ka gaya mata inda za ka da abin da ake yi, ta ce ta yarda. In ta ce a'a, ka kawo rigunanka Talata in buga maka."

Na ce, "Baba, wata bakwai ba mu taɓa ta da maganar nan ni da ita ba."

Ya ce ai ya gani a jikin rigar.

Kwana huɗu ina juya abin. Na sa wa rigar ƙyalle ta ciki na rufe tsagar da aikin zare, mai ita har ya yaba da sabon salo. Ran Litinin da rana aka tsuge da ruwa ina gida, ba damar komawa shago. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, akwatin nan yana bayanta a rufe. Na zauna a ƙasa kusa da ita, abin da na daɗe ban yi ba, na faɗa mata komai: rumfar, mai tsire, akawu, rigar da na fasa, har almakashin da na yi ta yawo da shi a Messa, wanda ba ta sani ba. Na ce an ce sai da izininta zan koma.

Ta daɗe tana tsintar shinkafarta. Sannan ta tambaye ni, ni me na faɗa a can. Na ce ban faɗi komai ba tukuna.

"To fara da ni, Malam," in ji ta.

Na ce, "Ni na aike ki gidan nan." Ban taɓa furta shi ba sai a ranar, kuma da ya fito sai na ji hawaye na bin gemuna.

Ta ajiye faifan. "Kitso ka aike ni. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, ko na yini ɗaya." Ruwa na ta dukan kwano. "Abin da na riƙe ka da shi daban ne. Shi rana ɗaya ya cuce ni. Kai wata bakwai ka kwantar da ni ciwon da ba ni da shi, kana kallon bango in kana mini magana. Ka nemi wanda za ka kashe, ka nemi kuɓewa a Mokolo, ni ce dai ba ka nema ba."

Da a ce wani ne ya gaya mini haka, da an ji mu a titi. Na zauna na haɗiye, domin gaskiya ce. Na tambaye ta me take so, tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko. Ta ce kujerarta da kibiyarta, kuma in daina cewa ba ta da lafiya. Rumfar bugu kuwa ta ce in je, wataƙila su iya da ni, ita ta gaji. Ruwa bai gama ɗaukewa ba na gangara shago na sauko da kayan daga saman kabad, na goge musu ƙura da hular kaina.

Na ɗauka shi ke nan za ta buɗe akwati ta mayar da zannuwa. Ba ta buɗe ba. A makon Salla ta yi wa matan layinmu kitso a tsakar gida, na ji muryarta tana yi wa wata faɗa da Fillanci don ta cika motsi, na tsaya a zaure ina saurare kamar wawa. Kwana uku bayan Salla ta ce in ɗaukar mata akwati zuwa tashar jirgi. A hanya sau biyu na buɗe baki zan ce ta fasa, sai in tuna tsohon da 'yarsa, in tuna ba a tsare mutum ba a kuma tura shi. Na sa mata kaya a tarago, na ce ta gai da inna. Ban tambayi ranar dawowa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Larabar da ta biyo na je rumfa, na karɓi guduma na zauna daura da mai tsire. Da layi ya zo kaina na ce a makon nan na kai ta jirgi, ban hana ta ba, kuma tsoro nake ji. Ba wanda ya ce mini za ta dawo, ba su saba faɗin abin da ba su sani ba. Aka juya riga muka ci gaba. Na lura dai hannuna ya fara bin na ɗan'uwana, tsohon har ya ce ashe Bakano ma yana koyuwa in an yi haƙuri da shi. Na ce masa albarkacin kafaɗarsa ce da ta warke cikin dare ɗaya. Wannan ce dariyata ta farko tun faruwar abin.

Gidan ya yi mini faɗi. Kujerar tana jingine a bakin ƙofar ɗaki, kibiya da mashaci a cikin gwangwani, kullum sai na dube su in ce ai da ba za ta dawo ba da ta tafi da su, sannan wata zuciyar ta ce a Ngaundare ma ana sayar da kujera. Matan da suka zo nema nakan ce musu ta yi tafiya, lafiyarta ƙalau. In suka tambayi yaushe za ta dawo, in ce ban sani ba. Faɗin hakan ya fi cewa ba ta da lafiya wuya nesa ba kusa ba, amma na riƙa faɗa.

Laraba uku na yi a haka. Ran Alhamis da hantsi ina kan keke sai ga matar maƙwabcinmu ta tsaya a ƙofar shago, ta ja mayafi ta rufe kai sosai. Bayan mun gaisa ta ce ta zo ne ta ji ko jirgin gobe da safe yake isowa ko da rana, don ta san lokacin da za ta shigo. Na ce wane jirgi? Ta dube ni kamar na zauce. Ta ce ai tun kafin Salla matata ta sa mata rana, ta ce Juma'a ta huɗu bayan Salla ta zo da kanta a tsefe za ta yi mata shuku, ga shi har ta tsefe tun jiya.

Na ce mata da safe yake isowa. Da ta tafi na zauna ƙafata a kan keke ban taka ba. Ashe tun ranar da take yi wa matan layinmu kitso a makon Salla ta san ranar dawowarta, ta faɗa wa maƙwabciya, ni kuwa ta bar ni in koyi zama da rashin sani. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na hau gida na share tsakar gida, na fito da kujerar na ajiye ta a inuwa inda ta saba zama. Sannan na tafi Mokolo na sayo kuɓewa, na zaɓi wadda ta fi kowace tsufa, don ta sami abin da za ta yi mini faɗa a kai.